Yadda ake raba ƙari da lafiyayyen nama a hoton IRM

Ɗaliban likitanci da nake zama da su a nan Maraɗi, kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe: da sun ga fari a hoton T2 na ƙwaƙwalwa, wato ɗaya daga nau'o'in hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu ta IRM ke ɗauka, sai su ce ƙari ne. To, a tsaya tukuna.

Ka fara sanin wane hoto ke hannunka. Dubi ruwan da ke cikin kogunan ƙwaƙwalwa. In baƙi ne, kitsen ƙarƙashin fata kuma fari tas, T1 ne: TR (tazarar da ke tsakanin bugun na'ura da na gaba) gajere, wajen milisakan 500, TE (jiran da ake yi bayan bugu kafin a karɓi amsa) kamar 15. In ruwan fari ne, T2 ne: TR sama da 2000, TE wajen 100. Ni T1 nake fara buɗewa, kai ma haka za ka yi.

Tun 1971 Raymond Damadian ya nuna a jikin ɓeraye cewa lokutan T1 da T2, wato lokutan da nama ke ɗauka ya koma daidai bayan bugun na'ura, na ƙari sun fi na lafiyayyen nama tsawo, galibi saboda yawan ruwa. Shi ya sa ƙari kan yi duhu a T1, ya yi haske a T2.

Sai dai kumburin da ke kewaye da ƙari shi ma ruwa ne, shi ma haske yake. Na taɓa auna ƙari da kumburinsa a haɗe, na rubuta girman da ya ninka na gaskiya, aka tayar wa iyalin wani dattijo hankali a banza. Har yau abin na damuna. Kumburi yana bin farin naman ƙwaƙwalwa kamar yatsun hannu, ba ya shan allura, wato ba ya ƙara haske bayan an yi allurar gadoliniyom, maganin da ke haska wasu wurare a hoto. Ka jera T2, FLAIR (hoto irin na T2 da aka dushe ruwan koguna a cikinsa) da T1 na bayan allurar gadoliniyom gefe da gefe, yanka ɗaya, kafin ka ɗora ma'auni. Kada ka tsallake T1 na kafin allura, domin kitse, da jinin da ya yi kwanaki da zuba, farare ne tun asali.

Allurar da tsada, musamman ga wanda ya sayar da tunkiya ya taho daga Madarunfa, amma in ana zargin ƙari a yi ta. A duba ƙoda tukuna.

Zobe mai haske bayan allura kuwa, a ƙasarmu ka tuna da tarin fuka da ƙurjin mugunya. Hoton difiziyon, mai nuna motsin ruwa cikin nama, zai taimaka: mugunya takan yi fari a tsakiya. Wasu ƙarin masu girma a hankali ba sa shan allura sam. Hukuncin ƙarshe sai an yanki nama an duba.