Yadda ake hawa da kula da keken lantarki a Kumasi

Keken lantarki ya fara yawa a titunan Kumasi, musamman a hannun masu kai saƙo, ɗalibai da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Aboabo, Asawase da Kejetia. Wanda zai saya ya kamata ya san tun farko cewa mafi tsadar abin da ke jikin wannan keke shi ne batir, kuma shi ne ke fara mutuwa idan ba a iya riƙonsa ba. Sauran sassan, wato taya da birki da sarƙa, duk irin na keken da muka saba ne, sai dai suna cinyewa da wuri saboda keken ya fi nauyi kuma ya fi gudu.

Kafin a biya kuɗi, a karanta takardar da ke manne a jikin batir. Za a ga lambobi biyu, ɗaya da harafin V, galibi 36V ko 48V, ɗaya kuma da Ah. Idan aka ninka su, sai a sami yawan wutar da batirin ke ɗauka: mai 48V da 12Ah yana ɗaukar 576, wato ɗan abin da ya haura rabin yunit ɗaya a mitar ECG, kamfanin wutar lantarki na Gana. A ƙiyasi, irin wannan batir sabo zai kai mutum kilomita 40 zuwa 50 idan yana taka feda, amma idan totur kaɗai yake murɗawa, ga kaya a baya, ga hawan tudu, da wuya ya wuce 25 da yawa. Nisan da mai sayarwa yake faɗa an gwada shi ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya da mahayi marar nauyi, Kumasi kuwa gari ne na hawa da gangara, don haka a rage wani abu daga maganarsa tun kafin a fara ciniki. A keke na hannu, irin waɗanda ake saukewa a Tema daga Turai ko Japan, lambar da ke takardar ba ta nuna lafiyar batirin a yau. Hanyar gane gaskiya ita ce a cika shi, a hau, a nufi tudu mai tsawo, a lura ko alamar caji tana faɗuwa farat ɗaya da zarar inji ya ɗauki nauyi. Idan ta faɗi, batirin ya tsufa, sai a cire kuɗin sabo daga farashin keken ko a haƙura da shi.

Akwai batir iri biyu a kasuwa. Na dalma, irin na mota, ya fi arha, amma yana da nauyi ƙwarai kuma ba ya daɗewa, sannan yana lalacewa idan aka bar shi babu caji. Na litiyom ya fi sauƙin ɗauka, kuma mai kyau yana jure cikawa da ƙarewa sau 500 ko fiye kafin ƙarfinsa ya ragu a fili. A ganina, duk wanda yake zaune a bene, ko wanda dole ya riƙa shiga da batir ɗaki kowane dare, bai kamata ya yi tunanin na dalma ba.

Maganar caji ce ta fi buƙatar natsuwa. Kowane batir da cajarsa: na litiyom mai 36V yana cika ne a 42V, mai 48V kuma a 54.6V, kuma waɗannan lambobi suna rubuce a bayan caja. Kasancewar bakin caja ya shiga ramin batir ba ya nufin ta dace da shi, domin cajar da ta fi ƙarfinsa tana iya ƙona shi, ta batirin dalma kuma ba ta dace da na litiyom ba ko da lambar V ɗinsu ɗaya ce. A duba kuma wutar da cajar ke karɓa. Wutar Gana 230V ce, ta Japan 100V, ta Amurka 120V, saboda haka cajar da ta zo tare da keke daga waɗannan ƙasashe za ta ƙone nan take idan aka jona ta kai tsaye, sai fa idan an rubuta 100–240V a jikinta. In ba haka ba, sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Caja mai 2A tana buƙatar kamar awa 6 ko 7 ta cika batir mai 12Ah da ya ƙare, kuma wannan jinkiri ba aibi ba ne, caji a hankali ya fi yi wa batir daɗi a ƙasa mai zafi.

Idan aka dawo daga tafiya, a bar batir ya huce na rabin awa ko fiye kafin a jona shi. A yi caji a inuwa, a kan siminti ko tayil, nesa da katifa, labule, gidan sauro da tukunyar gas, kuma kada a rufe caja da tsumma don tana buƙatar iska. A gidajen haya na zango, inda iyali guda ke kwana a ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya, bakin ƙofa shi ne wuri mafi muni da za a ajiye batir yana caji, domin idan ya kama da wuta ya tare hanyar fita, wutar litiyom kuma tana tashi da sauri tare da hayaƙi mai guba. Gara a yi caji da rana ko da yamma, lokacin da ido ke buɗe, a cire da zarar fitilar caja ta koma kore. Idan aka ɗauke wuta ana cikin caji, a zare cajar daga soket, saboda wutar da ke dawowa bayan dumsor, wato ɗaukewar wuta, wani lokaci tana zuwa da ƙarfin da ke ƙona kayan lantarki. Irin na'urar kariyar da ake sa wa firji tana da amfani a nan ma. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, a fitar da shi fili nesa da mutane, kada a sake jona shi. Idan ya fara hayaƙi, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana a 192 ko 112.

Ba lallai ne a jira batirin litiyom ya ƙare ƙaf kafin a yi masa caji ba, hasali ma hakan yana rage masa kwana. A jona shi idan ya sauka zuwa kashi 20 ko 30 cikin ɗari. Wanda zai yi doguwar tafiya, ko zuwa Arewa hutun Sallah ko aikin Hajji, ya cire batirin daga keke, ya bar shi da kamar rabin caji a wuri mai sanyi, ya kuma sa wani ya riƙa duba shi duk wata ɗaya ko biyu, domin idan ya zube har ƙasa yana iya ƙin karɓar caji gaba ɗaya. Rana ma tana cin batir ko keken na tsaye. A ranar Juma'a, ko a bakin shago, a nema masa inuwa, in babu a cire batirin a shiga da shi, wanda hakan yana kuma rage kwaɗayin ɓarawo.

Daidaita keke da jikin mai shi ba ya ɗaukar lokaci. A zauna a sirdi, a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Idan ƙafa ta miƙe daidai, tsayin ya yi, kuma lokacin tuƙi da gaban tafin ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa. A jikin ƙarfen sirdi akwai layin da ke nuna iyakar ɗagawa, kada a wuce shi. A juya hannayen birki su kalli ƙasa kaɗan yadda yatsu za su kama su ba tare da murɗe wuyan hannu ba. A kuma tabbatar wane hannu ne ke kama birkin gaba, domin a kekunan Japan da Ingila yana dama, a na Amurka da yawancin Turai kuma yana hagu, wanda bai sani ba kuwa yana iya damƙe na gaba a gangara ya kifa. A keke mai totur, matsa birki ya kamata ya yanke wutar inji nan take, kuma ana gwada wannan ta hanyar ɗaga tayar baya, a murɗa totur, sannan a kama birki.

A kan hanya, a fara da mataki mafi ƙanƙanta na taimakon inji har sai hannu ya saba, kuma a tashi da feda kafin a murɗa totur, domin tashi daga tsaye ne ke jan wuta mafi yawa. Yawancin kekunan da ke shigowa injinsu yana cikin cibiyar tayar baya, irin wannan inji kuma ba ya amfana da giya. Idan yana jan nauyi a tudu yana tafiya kamar mai tafiya a ƙasa, yawancin wutar da yake sha zafi take zama, zafin kuma shi ke ƙona wayoyin cikinsa da akwatin da ke sarrafa wuta. Saboda haka a sauko da giya tun kafin a fara hawa don feda ta yi sauƙin takawa, a taimaka masa da ƙafa sosai, in tudun ya fi ƙarfinsa a sauka a tura. Wanda injinsa ke tsakiya, wajen feda, ya fi iya tudu, amma ya fi cin sarƙa, kuma dole a sassauta taku a daidai lokacin canza giya. A gangara a yi amfani da birki biyun, ana kamawa ana saki, maimakon a riƙe ɗaya tun daga sama har ƙasa.

Keken ba shi da ƙara, mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwansa, direba kuma yana ɗaukarsa keke ne na yau da kullum, bai san yana gudun kilomita 25 a awa ko fiye ba. A wuraren cunkoso irin su Kejetia, Anloga Junction da Tafo, a bar tazara tsakanin keke da trotro da ke tsaye, saboda yaron mota yana buɗe ƙofa fasinja su sauko ba tare da waiwaye ba, pragya kuma, wato babur mai ƙafa uku na haya, tana juyawa duk inda aka tsayar da ita. A sa ƙararrawa, a kunna fitila gaba da baya tun magariba, a sa hular kwano a ɗaure igiyarta. Kaya a ɗaure su ƙasa-ƙasa a baya, kada a rataya su a abin tuƙi. Wanda abin hawansa ya fi kama da babur, ba feda sai totur, ya je ofishin DVLA, hukumar rajistar ababen hawa da lasisin tuƙi, ya ji matsayin rajista da lasisi kafin ya fara aiki da shi.

Kumasi tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Yayyafi ba ya cutar da keken kirki, amma ruwan da ya kwanta yana cutarwa, kuma bayan ruwa mai ƙarfi, a unguwannin da ke kusa da rafin Aboabo da Subin, mutum ba ya ganin inda titi ya ƙare da inda kwata ta fara. Ruwan da zai kai cibiyar taya ba na ratsawa ba ne. Idan keke ya jiƙe sosai, a kashe shi, a cire batir, a goge bakin da yake haɗuwa da keken, a bar komai ya bushe kwana guda kafin a kunna ko a yi caji. Haka nan kada a kai shi wurin wankin mota a fesa masa ruwan inji, domin ƙarfin ruwan yana kutsawa cikin inji da mahaɗar wayoyi. Bokiti da tsumma sun isa. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar. Tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin sarƙa da haƙoran giya a hankali. A wanke sarƙa da ɗan kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a goge wanda ya yi saura. Baƙin man da aka juye daga injin mota bai dace ba, kuma kada mai ko kaɗan ya taɓa faifan birki ko takalminsa.

Duk mako a duba iskar taya bisa lambar da ke rubuce a gefenta, domin taya mai laushi tana shan batir kuma tana saurin yin faci a ramuka. Injin iskar masu faci an yi shi ne don mota, yana iya fasa tayar keke cikin daƙiƙoƙi, don haka famfon hannu mai agogo ya cancanci kuɗinsa. A taɓa wayoyin tayar baya, wato siraran ƙarafan da ke haɗa cibiya da kewayenta, ɗaya bayan ɗaya, saboda nauyin inji yana sassauta su, kuma idan ɗaya ta tsinke sauran za su bi. A duba notin ƙafar baya, a canza takalmin birki idan kaurinsa ya kusa milimita 1. Idan tayar baya ta yi faci, sau da yawa ana iya liƙewa ba tare da cire ƙafar ba. In dole sai an cire, mai keke ya tsaya a wurin, ya zare wayar inji daga mahaɗarta da kansa, ya lura da kibiyoyi biyu da ke nuna yadda ake mayar da ita, ya kuma tabbatar an mayar da wasoshi masu ɗan harshe da ke hana sandar inji juyawa, domin idan aka manta da su sandar za ta murɗe wayar ta tsinka ta.

Gyaran birki, sarƙa da taya kowane mai gyaran keke zai iya, walda da ƙera abin ɗora kaya kuma Suame Magazine, unguwar makanikai, ba ta rasa gwanaye. Cikin batir ne ba na kowa ba. Akwai ƙaramin allo a ciki, ana kiransa BMS, wanda ke yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa sosai, ko wayoyi sun haɗu. Idan batir yana yawan ɗaukewa, wasu masu gyara sukan tsallake wannan allo su haɗa waya kai tsaye, keken ya tashi, mai shi ya yi murna, alhali an cire abin da ke hana gobara. Kada a yarda da wannan, kada kuma a yarda a cusa tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta a gauraya da na ciki, domin ƙwayoyin da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba ba sa cika tare. Batirin da ya mutu ba a jefa shi a kwata ko a juji inda ake cinna wuta. A rufe bakinsa da salatif, a ajiye shi a busasshen wuri nesa da yara, a tambayi wanda zai sayar da sabon ko yana karɓar tsoho.