Yadda na tattaro ƙwaƙwalwar da ta rabu gida biyu

Ranar Laraba wuta ta ɗauke a Maradi. Da ta dawo, sabar wani Alhaji mai dillancin hatsi, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da ayyukansa, ta tashi, amma kwamfutar kwaikwayo da ke cikinta, wato manhajar da ke aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, wadda ke riƙe da lissafin buhuna, sai jan ƙafa take yi. Ya kira ni: "Malam, abin naka ya zama jaki."

Sabar tana da furosesa biyu, kowane da ƙwaƙwalwarsa a gefensa. Wannan tsari shi ake kira NUMA, kowane furosesa da ƙwaƙwalwarsa kuma ana kiransu kulli. Furosesa na iya karanta ta maƙwabcinsa, sai dai hanyar ta fi nisa. Da na buga umarnin numactl --hardware, mai nuna tsarin injin, nisan gida 10 ne, na maƙwabci 21. Sai numastat, umarnin da ke nuna inda ƙwaƙwalwa take zaune, ya tona asiri: aikin yana gudana a kulli na 0, amma fiye da rabin ƙwaƙwalwarsa na zaune a kulli na 1.

Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, yakan gyara wannan da kansa, yana lura da shafuka, wato ƙananan sassan ƙwaƙwalwa, da ake taɓawa daga nesa, yana kwaso su kaɗan-kaɗan. A nan an kashe numa_balancing, saitin da ke wannan aikin, ban san wa ya yi ba, ban kuma tambaya ba.

Ban kunna shi ba, na fi son ɗauri, wato tsayar da aikin a kulli ɗaya. Na ɗaure furosesoshin kwaikwayon a kulli na 0 da umarnin virsh vcpupin, ƙwaƙwalwar kuma da virsh numatune, bayan na tabbatar akwai isasshen wuri a can. Ragowar shafukan na kwaso su da umarnin migratepages, injin na aiki, ba a kashe komai ba.

Kafin la'asar akawun Alhaji ya ci gaba da buga rasit.