Babi na Bakwai: Barcin Tsuntsu Matafiyi

Darasi na 1

Ku buɗe littafi, ku ɗora yatsa ƙarƙashin layin farko. Kada yatsa ya riga ido.

Kowa a ajin nan ya san shamuwa. Tana zuwa mana nan Gombe da farkon damina, in kaka ta yi ta koma kudu. Akwai kuma tsuntsayen da ke tasowa daga Turai, su ƙetare hamadar Sahara, su yi rani a ƙasarmu. Wanda ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Dadin Kowa lokacin hunturu ya ga baƙin tsuntsaye a bakin ruwa. Yawancin ƙananan cikinsu da dare suke tafiya. To, yaushe suke barci?

Kalmominmu uku ne yau: barci, ido, ƙwaƙwalwa. Ta ukun tana da ƙ mai lanƙwasa har biyu. Ku rubuta ta sau biyar. Wanda hannunsa ke rawa ya rubuta sannu, ba tsere muke yi ba.

Darasi na 2

Nan ne ake yawan tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe.

Kun san goro in an ɓare shi, ɓari biyu ne. Haka ƙwaƙwalwa take: ɓarin dama da ɓarin hagu. Mu mutane in mun kwanta, duka biyun ke barci. Tsuntsu yana iya kwantar da ɓari ɗaya, ɗayan ya zauna gadi, ido ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe.

Ga inda ake kuskure. Idon hagu da ɓarin dama yake aiki. Idon dama da ɓarin hagu. A gicciye suke.

Ku ajiye biro. Ku ɗora hannun dama a gefen kai na dama. Wannan ɓarin ne a farke. Wane ido ne a buɗe? Na hagu. Ku nuna shi da hannun hagu. Madalla. Yanzu ku sauya: hannun hagu a gefen kai na hagu. Wane ido? Na dama. A sake. Ɓarin dama a farke, idon hagu a buɗe. A sake kuma. Baba, Inna, ba abin kunya ba ne ku riƙe kai a gaban 'ya'yanku, ni ma da haka na riƙe shi.

A 1999 masu bincike a Amurka sun jera agwagi huɗu suna barci. Na tsakiya suka fi rufe ido biyu. Na bakin layi kuwa suka riƙa barin idon da ke kallon waje a buɗe, don ta nan maƙiyi zai ɓullo. Tambaya: agwagwar da idonta na dama ke kallon waje, wane ɓari ne a farke? Na hagu. Wanda ya ce dama ya koma kan hannu da kai.

Bara na yi wannan bayani sati biyu cur, ranar gwaji rabin aji suka rubuta "dama da dama". Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, bita ce ba a yi a gida. Wasu kuma sai an kusa kiran Magariba suke shigowa, su ce malam a maimaita. Na maimaita ke nan: a gicciye suke.

Darasi na 3

Yau lissafi. A 2016 an bayyana binciken wani babban tsuntsun teku na tsibiran Galafagos, wanda kan yi har kwana 10 a sama bai sauka ba. An ɗaura masa ƙaramar na'ura a ka. Barcinsa a sama kusan minti 42 ne a kwana ɗaya, guntu-guntu, na 'yan daƙiƙoƙi. Da ya sauka ƙasa sai ya yi fiye da awa 12. Bashin barci ne yake biya.

Awa ɗaya minti 60 ce. Awa 12 minti nawa? 720. Ku rubuta 42 a gefen 720, ku duba da kyau. Ku lura, 42 ne, ba 24 ba.

Darasi na 4

Ƙananan tsuntsayen da suka kwana suna tafiya sukan rama da rana: gyangyaɗi na daƙiƙoƙi kaɗan, sau da yawa, cikin inuwar reshe. Wata irin tsattsewa ta Turai kuma takan yi wata 10 a sama.

Ku kwafe jimlar ƙarshe sau uku.

Darasi na 5

Bita. Idon hagu a buɗe, wane ɓari ne a farke? A kawo amsa ranar Litinin, tare da littafi.