Yadda Za Ka Gano Matsalar Wuta a Tsohuwar Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu

Tambayar yadda ake gano matsalar wuta a mota ta yi yawa, musamman daga masu tsofaffin Land Cruiser da Pajero. Ka tanadi mitar auna wuta da sifana mai lamba 10.

1. Kashe injin, ka zare makulli.
2. Auna batir da mita. Lafiyayye zai nuna kusan bolt 12.6. Wasu tsofaffin masu dizal bolt 24 ne, sai ka ninka lissafin.
3. Kwance kan batir.
Hattara: fara da negatif, mai alamar (-). In ka fara da fozitif, mai alamar (+), sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi.
4. Kankare farin garin da ya taru a kai har ƙarfe ya yi sheƙi.
5. Bi wayar negatif zuwa inda aka ɗaure ta a jikin bodi. Motar da ta sha laka da ruwa, a wurin ne take tsatsa. Fitila ta dushe, sitata ya yi "ƙyas" ya tsaya, a ɗora wa batir laifi alhali ba ruwansa. Kwance, goge, ɗaure tam.
6. Mayar da kan batir, fozitif da farko.
7. Zare fis ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga a haske.
8. Sauya wanda ya ƙone da mai lamba irin tasa.
Hattara: kar ka cusa waya a gurbin fis. Gobara kake nema.
9. Tada injin, ka sake aunawa. Ka ga 13.5 zuwa 14.5, altaneta na caji.
10. In bai kai ba, kashe injin, ka danna fambel da yatsa tukuna, wataƙila saki ya yi.