Kurakuran da aka fi yi wajen gina mafakar 'yan zamiyar ƙanƙara a kan dutse mai aman wuta

Yawancin masu zana irin wannan mafaka, wato ɗakin da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara ke fakewa a ciki, sanyi kaɗai ke gabansu. Sai su lissafa nauyin dusar ƙanƙara, su toshe duk kafar iska, su manta cewa dutsen da suke gini a kansa bai mutu ba.

Kuskure mafi muni tun daga zaɓen fili yake farawa. Kwari yana da daɗin gini, ba iska, ga sauƙin kai kaya. Amma ta nan ambaliyar taɓo take bi idan wuta ta narkar da ƙanƙara, ko tafkin da ke bakin dutsen ya ɓalle. Irin wannan ambaliya daga dutsen Ruapehu na Niyu Zilan ce ta karya gadar jirgin ƙasa a Tangiwai ranar 24 ga Disamba, 1953, mutum 151 suka rasu. A dutsen Etna na Italiya kuwa, narkakken dutse ya cinye gine-ginen 'yan zamiya a Piano Provenzana a 2002. A nemi taswirar haɗari kafin a ja layi ko ɗaya, a hau tudu ko da kuɗin zai ƙaru.

Sai rufi, inda na fi jin takaici. Dusar ƙanƙara tana narkewa, toka ba ta narkewa, kuma idan ta jiƙe nauyinta kan ƙaru sosai, ta cushe indararo, ta ci kwano da tsatsa. Rufin ya zama mai gangara ƙwarai, ba lungun da toka za ta kwanta. Ga kuma ruwan duwatsu. Da dutsen Ontake na Japan ya yi aman wuta a 2014, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace, galibi duwatsu ne suka faɗo musu. Bayan haka aka ƙarfafa rufin wasu mafakun da yadin aramid, irin na rigar kariya daga harsashi.

Wasu suna ganin da an ɗora sola an gama kare muhalli. Toka 'yar kaɗan ta isa ta rufe faifan, don haka a tanadi batir da murhu. Bututun da ke kai ruwan rufi cikin tanki a sa masa abin tsayar da ruwa, domin toka tana gurɓata ruwan sha.

Kada a shimfiɗa siminti. A haɗa ginin da katako a gindin dutse, a kawo shi gunduwa-gunduwa, a ɗora kan ƙafafu. Dalili shi ne kada a lalata tsiron wurin: gansakukar da ke lulluɓe da duwatsun ƙasar Aislan, idan tayar mota ta murƙushe ta, sai an yi shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo.

Ƙofa ma ana sakaci da ita. Wadda ke buɗewa waje, ƙanƙarar dare ɗaya ta isa ta danne ta, na ciki ya kasa fita. Ta riƙa buɗewa ciki, a ɗaga dokinta sama da ƙasa, mariƙinta ya zama wanda mai safar hannu mai kauri zai iya murɗawa. Kuma kada a sa mata kwaɗo, tunda ginin na kowa ne.