Kada ka sayi kifin betta ran da ka sayi tankinsa

Bara da sanyi ɗan ƙanwata ya shigo gida da wani kifin ado shuɗi da ake kira betta a cikin kwalbar Bama, jelarsa a baje kamar hannun babbar riga. "Kawu, mai kifin ya ce ko a kofi ma zai rayu," in ji shi. Kwana tara ya yi, aka tashi da safe aka tarar da shi a kwance a gindin kwalba. Yaron ya ɗora laifin a kan abinci. Ni kuwa na san ruwan ne.

Wannan batu na kofi shi ne kuskuren farko. Asalin betta daga Tailan yake, yana zaune a fadamun shinkafa da kududdufai, kuma yana da wata gaɓa da ke ba shi damar taso wa sama ya shaƙi iska, irin dabarar tarwaɗa. Shi ya sa ba ya mutuwa nan take a ƙaramin mazubi, mutane sai su ɗauka daɗi yake ji. Fadama ba ta da zurfi, amma tana da faɗi. Ka nema masa tanki mai cin lita 20 ko fiye, mai murfi, don yana tsalle, ga kuma ƙurar hunturu.

Babban kuskuren dai shi ne a cika tanki yau a saka kifi yau. Kifi yana fitar da ammoniya ta kashinsa da ta gaɓoɓinsa na numfashi, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama, kuma guba ce. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da suke zama a jikin soson matatar ruwa, wato na'urar da ke tace ruwan tanki, da tsakuwar ƙasan tanki. Kashi ɗaya yana mai da ammoniya ta zama nitirait, wadda ita ma guba ce da ke hana jini ɗaukar iska. Kashi na biyu yana mai da nitirait ta zama nitirat, mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa ke ragewa. Sabon tanki ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Kafin su hayayyafa sai an yi mako 4 zuwa 6. Ni nakan ce ruwan ne ke nuna, kamar yadda ake jiran kullu ya kwana.

Yadda ake yi: ka haɗa tanki, ka kunna matatar ruwa, ka riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ba tare da kifi a ciki ba. Ka sayi kayan gwajin ruwa, irin na ɗigawa a 'yar kwalba a duba launi. Da fari ammoniya za ta hau, sai nitirait ta biyo baya, daga ƙarshe duka biyun su koma sifili, nitirat ta bayyana. A nan ne za ka canza rabin ruwan ka je ka sayo kifi. In kana da abokin da tankinsa ya daɗe da lafiya, roƙi guntun tsohon sosonsa ka saka a matatarka, zai rage maka kwanaki da yawa. Kuma kada garau ɗin ruwa ya ruɗe ka. Ammoniya ba ta da launi.

Wanda ya riga ya saka kifi fa? Ba a makara ba. Ya riƙa canza kashi ɗaya bisa uku na ruwan kullum ko bayan kwana biyu, ya rage abinci sosai, har gwaji ya nuna sifili.

Sai tsabtar da ta wuce gona da iri. Na ga wadda ke juye tanki kakaf duk Asabar, ta wanke tsakuwa da omo, ta dirje soso a bakin famfo. Duk mako tana kashe bakteriyar da ta sha wahalar tarawa. Sabulu kada ya kusanci tanki. Soso a ruwan da aka ɗebo daga tankin ake matse shi a hankali, kuma kashi ɗaya bisa huɗu na ruwa a mako ya isa. Ruwan famfo yana da kulorin, sai an ɗiga masa maganin cire shi. Na burtsatse ko na 'yan ga-ruwa ba lallai ya ƙunshi kulorin ba, amma ka gwada shi tukuna, musamman na rijiyar da ke kusa da masai.

Mutanen Kano sukan yi dariya in an ce a sayi hitar ɗumama ruwan tanki. Betta yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, a daren Disamba da Janairu kuwa ruwan ɗaki yana sauka ƙasa da haka sosai, kifin ya lafe ya daina ci, cuta ta samu ƙofa. A watan Afrilu matsalar juyawa take: ka janye tanki daga taga, ka sa fanka ta riƙa kaɗa saman ruwa. Ma'aunin zafi ɗan ƙarami ya fi zato.

Ɗaukewar wuta ba ta cika damun kifin kansa ba, tunda yana shaƙar iskar sama. Bakteriyar cikin matatar ruwa ce ke buƙatar ruwa mai motsi. Ƙaramin famfon iska mai batir, ko wanda ake jona wa fawa banki, a haɗa shi da matatar soso, ya wadatar, kuma ba ya tura ruwa da ƙarfin da zai wahalar da mai doguwar jela.

Abinci ƙwaya 2 zuwa 4 sau biyu a rana, duk da zai zo gaban gilashi yana yi maka kallon mayunwaci. Maza biyu kuma ba sa zama tanki ɗaya, sai sun yayyage juna. Ɗan ƙanwar tawa yanzu mako uku ke nan yana ciyar da tanki fanko, ƙannensa na yi masa tsiya wai yana kiwon ruwa. Jiya nitirait ɗinsa ta fara sauka.