Masu ɗiban sassaƙen maɗaci, a daina zagaye gindin

Salamu alaikum 'yan uwa. Magana ce ga masu ɗiban sassaƙen maɗaci don jiƙo, da masu kai shi Kasuwar Kurmi.

Duk wanda ya bi titunan unguwar Nasarawa a Kano ya dubi tsofaffin bishiyoyin maɗaci zai ga an feɗe wasu tun daga gindi har inda hannu ya kai, jikin ya yi jawur, ƙaro na tsiyaya. To, abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawon nan yake sauka zuwa saiwa. In aka kwaye shi zagaye, saiwar ce ke fara mutuwa a ƙasa, alhali ganyen na nan kore shar. Sai bayan damina ɗaya ko biyu bishiya ta bushe, a ce ai tsufa ne. Ina!

Don Allah a yanki gefe ɗaya kawai, a tsaye, kamar faɗin tafin hannu, kuma kada gatari ya nutse cikin itacen. Kada a koma wurin sai fatar ta rufe. Ƙananan kuwa a ƙyale su gaba ɗaya, domin ba su kai ga zubar da iri ba tukuna, kuma maɗaci kan daɗe kafin ya fara 'ya'ya.